Jan Haƙoran Dudu

"Ke Barakatu, wanga bakina ne ko na tarwaɗa?"

Dudu ce ke tambaya daga kan tabarma, tana hararar kwalin da yarinyar ta shimfiɗa a ƙasa. Matan da suka zo dubiya suka kwashe da dariya, har ɗayarsu, Kande, ta ƙware da ruwa. Duk Yelwa wa bai san Dudu mai bandar kifi ba? Matar da in ta daka wa mutum tsawa a bakin ruwa sai 'yan tasha sun waiwayo. Ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ya cinye naman jiki kaf, amma bakin nan ya ji tsoronsa ya bar shi.

Barakatu ɗiyar maƙwabta ce, 'yar aji biyar. Malamarsu Jamilatu ta je taro Birnin Kebbi, lokacin da ake ta ɗokin sabuwar jiha, ta dawo da kwalaye ta ce kowa ya yi fosta. A sama a rubuta JIKINKA NAKA NE. A ƙasa, KA CE A'A, KA GUDU, KA FAƊA WA BABBA. A tsakiya kowa ya zana babban da zai iya faɗa wa. Yara suka yi ta zana iyayensu. Ita kuwa Barakatu ta naɗe kwalinta ta faɗa gidan Dudu.

"Ku tashe ni! Ba a zana ni kwance."

Aka jingina ta da bango, aka kafa mata ɗauri, Kande ta zizara mata kwalli. Ta sake leƙa kwalin, ta dafa ƙirji.

"Ina jan haƙorana? Tun ina budurwa nike cin goro da fure, ki bar ni da haƙora fari tas kamar 'yar boko?"

"Iya, ba ni da jar kala."

"A miƙo goro!"

Gida ya rikice. Wannan ta kwance bakin zane ta fiddo goro, waccan ta zura maƙwabta neman furen taba. Dudu, wadda ko kunu sai an yi da gaske take kurɓa, ta dinga tauna kamar ranar buki, tana tofawa a murfin kwano. Barakatu na tsoma tsinken tsintsiya tana shafa wa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Da hoton ya fito, baki wangame, haƙora jajur, Kande ta rangaɗa guɗa a ɗakin mara lafiya, ko kunya babu.

Aka kira la'asar, mata suka fita alwala. Dudu ta dubi yarinyar.

"Mi ya hana ki zana Innarki?"

Barakatu ta yi ta juya tsinke. Ita ce ɗiyar fari. Innarta Salma ba ta kiran sunanta, ba ta haɗa ido da ita. In saƙo ne, sai ta faɗa wa iska, yarinya ta tsinta. Ta ina za ta fara? Sai ga magana ta zubo. Akwai wani mai lodin kifi a bakin ruwa, duk ranar da ta kai tallan ƙosai sai ya riƙe mata wuyan hannu, ya ce ta zo bayan mota. Tana fizgewa ta gudu. Jiya ya riƙe da ƙarfi.

Dudu ta ja numfashi, ƙirjin na kuka.

"SALMA!"

Kaji suka watse a tsakar gida. Salma ta shigo da gudu, hannu duk ƙullu. Tana ganin ɗiyarta ta kau da kai.

"Zauna. Dube ta."

"Haba Iya, kin san ta fari ce…"

"Na sani, ni na yanke mata cibi. Ni tahiya za ni, Salma. Kwali ba ya ihu. Ke ɗiya, faɗa mata abin da kika faɗa mini."

Barakatu ta faɗa, tana kallon bango. Salma na kallon tabarma, ƙullun hannunta na bushewa. Ba ta tashi ba har aka gama.

Washegari da hantsi Dudu ta cika, da guntun goro a kumatu. Masunta suka bar taru suka zo, har zaure ya kasa ɗaukarsu. Hoton kuwa Malama ta liƙa shi a ƙofar aji, iyaye mata suka yi ta zuwa kallo, a yi kuka a koma dariya.

Bayan sadakar uku Barakatu ta ɗauki farantin ƙosai ta nufi bakin ruwa. Sai ta ji taku a bayanta. Inna ce, da mayafi. Da suka isa, yarinyar ta nuna mutumin da haɓa. Salma ta tsaya gabansa ta zuba masa ido har masu jirage suka bar aiki suna kallo. Ya sunkuyar da kai, ya zagaya ya shige mota.

Suka zauna a kan wani kwalekwale da aka kife. Salma na kallon ruwa, can inda jirgin garin Wara ke tasowa, hannunta ɗaya a kan gwiwar Barakatu.