Batirin da Kiɗa Ya Shanye

"Sake murzawa mana, Injiniya! Ba kai ne gwani ba?"

Auta ya sake murza makullin. Motar ta yi ƙyat-ƙyat, ta yi tsit. Yayansa na tsaye gaban bonet, jijiyoyin wuyansa sun tashi.

"Sai da na ce kar ka taɓa mini mota. Ka cika mini but da sifiku kamar gidan rawa!"

"Da ana kiɗan ai har kai kake kaɗawa, Yaya."

"Yanzu zan kaɗa maka naka, mara kunya."

Auta ya saki makullin. Ya san inda ɓarnar take, don hannunsa ne ya yi ta. Shi ya ja wayar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, kai tsaye daga batir, bai bi da ita ta makulli ba, don ya riƙa jin kiɗa ko inji na kashe. Kwanakin nan da motar take ajiye, abin yana nan a kunne yana tsotsa. Dama can altanetar da ke yi wa batir caji ƙarama ce, cajin da take bayarwa bai kai abin da sifikun ke zuƙa ba, batir ke cike giɓin. Ya sha ganin fitilun gaba na lumshewa duk sanda ganga ta buga. Shi a ganinsa ado ne.

A kujerar baya Umma na zaune da jakarta a cinya, ta yi wanka tun asuba. Yau za a cire mata yanar da ta rufe mata ido. Likitan baƙo ne, duk wanda ya makara sai wani zuwan nasa, bayan watanni. Ga unguwar a ƙarshen gari, motar haya ba ta leƙowa da safe.

"Mu tura ta," in ji Auta.

"Otomatik za ka tura, da ba ta tashi da turi? Allah ya sawwaƙe maka. Wayar jona batir muke buƙata, da mota mai rai."

Duk sun san mota mai rai ɗaya ce a layin, ta tela ce, ƙofarsa na kallon tasu. Makon jiya ya fito yana roƙon a rage kiɗa, jaririyarsa ba lafiya. Auta ya ƙure murya. Yaya kuwa daga kan benci ya ce masa titi ba gadon gidansu ba ne.

Ga telan can yanzu ya tayar da tasa, yana goge gilashi a natse, ko kallonsu bai yi ba.

Auta ya damƙe sitiyari har yatsunsa suka yi zafi. Haushin kansa yake ji, da na Yaya, da na akwatin sifikun banzan nan da ke but. Yaya ya sunkuya cikin bonet yana taɓa wayoyin da bai san kansu ba.

Umma ta karkata kai wajen ƙarar, tana lalubar gilashin da hannu.

"Ba motar tela nake ji ba? Mutumin kirki ne ai. Cikinku wa zai je ya yi masa magana?"