Hanyar Baƙi

Duwatsun da ke bakin titin ofishin tsara birni sun sha farin fenti shekara goma sha tara a jere, kuma duk da umarnin mutum ɗaya. A takarda, mataimakin jami'in safiyo ne. A bakin ma'aikata kuwa sunansa Sarkin Hanya, domin shi ke tsara inda za a bi da baƙi. In wata ƙasa ta turo masana su taimaka wa birnin, sai ya ɗauki jan biro ya fitar musu da hanya daga masauki zuwa ofis, daga ofis zuwa wurin aiki, ba tare da tayar motarsu ta taɓa kwata ko idonsu ya faɗa kan juji ba. Birnin ya kumbura har ya haɗiye ƙananan hukumomi bakwai, amma in Sarkin Hanya ya zagaya da kai cikin awa biyu, sai ka rantse kowane gida da famfonsa. Yakan ce ya yi karatu ne don ya auna ƙasa, sai ya ɓuge da auna idon baƙi.

Baƙin bana da gaske suka zo. Shugabarsu injiniyar ruwa ce, dattijuwa mai furfura, kullum da dogon takalmin roba wanda tun saukarta bai ga laka ba. Shirinsu shi ne a haƙa babbar magudana guda ta ratsa ƙananan hukumomin bakwai, a ɗora ta a hannun hukuma guda. Sai da aka yi wata takwas ana lallashi kafin shugabannin bakwai su yarda su zauna a ɗaki ɗaya. Aka tsayar da Alhamis don sa hannu.

Ranar Litinin aka shimfiɗa taswirar ƙarshe a teburin Darakta. Sarkin Hanya ya ɗora yatsa a kan shuɗin layin magudanar yana bi, kamar yadda ya saba bin kowace hanya. Layin ya gangara kudu, ya ƙare a wani koren fili inda za a saki ruwan birnin gaba ɗaya. An rubuta a kai: fadama, babu mazauna.

Yatsan ya tsaya cak. Ya san wurin. Unguwa ce mai gidaje sun fi dubu uku, ta faɗo tsakanin ƙaramar hukuma ta huɗu da ta biyar. Duk wanda aka kai wa kuka daga cikin shugabanninsu biyu sai ya ce ba nasa ba ne, har mutane suka raɗa mata suna Ba-Namu-Ba. Da aka ce kowace hukuma ta kawo taswirarta a haɗa, babu wadda ta kawo ta. A can yayarsa take, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Abin da ya fi ci masa rai, injiniyar ta taɓa tambaya. Ta ga rufin kwano a hoton da aka ɗauko daga sama, Darakta ya ce rumfunan masu buga bulo ne, da damina tashi suke yi. Ta ce tana so ta gani da idonta. Sarkin Hanya ne ya kai ta kan gada, ya tsayar da motar daidai kusurwar da ba a hango komai sai ciyawa da balbela. Bai tambayi dalilin zuwan ba. Ranar har yabo ya samu.

Ya jira kowa ya fita.

"Ranka ya daɗe, akwai mutane a koren nan."

"Na sani," in ji Darakta, bai ko ɗago ba. "In an sa hannu sai mu gyara."

"Bayan sa hannu ba gyara sai haƙa."

Darakta ya cire tabarau ya murza ido. Ba mugu ba ne, gajiyayye ne. "Ka taɓa taswirar nan yau, shugabannin nan biyu su koma gardamar na wane ne. Wata takwas ya bi ruwa, baƙi su naɗe tabarmarsu, sauran unguwanni su ci gaba da iyo. Saura shekara biyu ka ajiye aiki. Kada ka yi wa kanka sakiyar da ba ruwa."

Da la'asar Sarkin Hanya ya nufi Ba-Namu-Ba, ya naɗe ƙafar wando tun daga bakin titi. Ya tarar da yayarsa a kan keken ɗinki, keken kuma a kan bulo huɗu. A bangon ɗakin akwai layuka na laka, ɗaya bisa ɗaya, kowace damina da inda ta tsaya.

"Auta, ɓatan hanya ka yi?" ta ce. Shekararsa hamsin da takwas, har da sanƙo, amma a ɗakin nan bai taɓa wuce Auta ba.

Ya zauna ya kwashe komai ya gaya mata, har da zancen gada. Ta ci gaba da taka keke har ta kai ƙarshen ɗinkin, ta ciji zare.

"Wato kai ka ce musu ciyawa ce mu."

"Ban ce ba, Yaya. Nunawa na yi."

"Ai gara ka faɗa. Baki yakan yi kuskure." Ta ninke rigar. "Ni ba inda za ni. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Kai ka ɓoye mu, kai za ka fito da mu."

Laraba ce ranar zagayen ban kwana. Sarkin Hanya ya miƙa wa direba takarda kamar kullum. Direban ya duba jan layin, ya juya takardar, ya sake dubawa.

"Maigida, biro ne ya zame maka?"

"Bai zame ba."

"Motar nan fa tun da aka sayo ta ba ta san laka ba."

"Yau za su gaisa. In an tambaye ka, ka ce takarda ka bi. Ga sa hannuna a ƙasa."

Suka wuce fararen duwatsu, injiniya da tafintanta a baya, motar Darakta tana biye. A gindin gada direba ya yi bisimilla ya karya hagu. Nan take wayar Sarkin Hanya ta fara ruri. Ya zaro ta, ya ga mai kiran, ya tura ta ƙarƙashin cinya ya zauna a kai. Gumi na bin sanƙonsa.

Ba su yi nisa ba motar ta kafe. Injiniyar ta buɗe ƙofa ta sauka, takalmin robar ya nutse har idon sawu. Ta tsaya tana kallon layin gidaje, da shagon aski, da injin niƙa, da mata masu shanya a kan igiya. Ta zaro taswira ta duba koren, ta sake duban titin. Sai ta kama tafiya, shi kuma ya shige gaba, don ko a nan shi ne mai nuna hanya.

A ɗakin Yaya ta daɗe a gaban bangon. Ta auna layi mafi tsawo da jikinta, ya kai mata ƙugu. Sannan ta yi magana, tafinta ya juya.

"Ta ce wa ya zaɓi inda aka tsaya da ita a kan gada kwanakin baya?"

"Ni ne."

"Ta ce me ya sa?"

"Gaya mata aikina ke nan. Kuma na iya shi."

"Ni ma gaya mata," in ji Yaya daga kan keke, "ta ƙirga mu da kyau. In ta gama akwai wasu a bayan masallaci."

Darakta ya iso yana haki, takalmi ɗaya a hannu. Ya dubi Sarkin Hanya, kallon da ya fi wasiƙa tsawo. Wasiƙar tuhumar ma ta zo masa washegari, a madadin bikin sa hannun da aka ɗage.

Gardamar da Darakta ya ji tsoro ta tashi, sai dai ta juyo da ka. Da shugabannin biyu suka ji za a haƙa wa unguwar magudana, a kuma ƙirga mutanenta, kowanne ya buga tebur ya ce tun kakanni tasa ce. Mako shida ana wannan. Baƙin ba su tafi ba, ko da yake sau biyu suna ɗaure kaya. Aka sa hannu a kan sabuwar taswira, shuɗin layin ya yi gwiwa ya kauce zuwa rafi. Sarkin Hanya kuwa aka ɗauke shi daga ofishin safiyo aka mayar ɗakin ajiyar tsofaffin fayil, inda, a cewarsa, ya samu abokan da suka girme shi.

Wata uku bayan haka Darakta ya aika a kira shi.

"Wasu baƙi za su zo ganin unguwar nan. An ce ta zama abin koyi." Ya yi gyaran murya. "Babu wanda ya iya fitar da hanya. Ka karɓi fenti a sito."

Sarkin Hanya ya isa unguwar da bokiti da burushi, ya tarar da Yaya a ƙofar gida, ana jin ƙarar motar haƙa daga nesa.

"Auta, ka taɓa mana dutse ɗaya da abin nan, sai na juye maka shi a ka."

"Ba dutse na zo shafawa ba."

Ya tsoma burushi, ya juya ga bangon da ke kallon titi, ya fara jan farin layi a kan tabon ruwa, daga ƙofarta ya nufi ta maƙwabta. Ta tako ta tsaya a bayansa, ta karkata kai tana dubawa.

"Ɗaga sama kaɗan," ta ce. "Na bara ya fi haka."

Ya ɗaga.