Mai Tura da Waƙar Shekara

"Ka saka min har da Kujerar Baya," in ji direban, yana miƙo memori a tafin hannu kamar wanda ya kawo ƙwayar magani. "In babu ita, ba ni abuna in ƙara gaba."

"Tana ciki," in ji Mai Tura, bai ɗago kai ba.

"Ta Baƙin Gilashi fa nake nufi."

"Na ce tana ciki."

Ya zura memorin a kwamfuta, ya ja folda ya sake, ya zuba wa koren layin ido yana rarrafe. A bayan direban akwai ɗalibai mata biyu da wani mai gadi da bai cire kayan aiki ba, kowa da waya a hannu. Ranar ƙarshe ta shekara ce, kuma a irin wannan rana ko mutumin da ya shekara yana zagin waƙoƙin zamani sai ya lallaɓo ya tsaya a layi yana kallon gefe.

Shagon Mai Tura, in an yarda a kira shi shago, ƙarƙashin matakalar ginin masu waya yake. Tebur ɗaya ne, da tsohuwar kwamfuta wadda wasu maɓallanta suka faɗi, da sifika mai tari in an ƙara murya. Sana'arsa tura wa mutane waƙoƙi a waya, waɗanda ba su da data ko ba su da haƙurin nema. Da ita aka san shi, da ita ake kiransa, har surukarsa ma haka take ce masa.

Duk ƙarshen shekara yakan haɗa folda ɗaya mai suna Zaɓin Shekara, ya kasa ta uku. Akwai na pop, waɗanda ake rawa da su ana wanke-wanke. Akwai na hip-hop, na samarin da ke tsayawa gaban teburinsa suna musu kan wanda ya fi iya zagi. Sai na uku, na masu zaman kansu, 'yan jita marasa kamfani marasa uban gida, waɗanda masu karatu ke ce wa indi. Kashi na ukun nan mutane kan karɓa ne don kyauta yake, su goge shi a hanya in waya ta cika.

A cikin kashi na ukun ne Kujerar Baya ta fara rayuwa, domin Mai Tura ne ya rera ta. Shi ya rubuta, shi ya kaɗa jitar, a wani ɗan situdiyo na bayan gareji wanda tuni aka rufe aka sayar da injinansa. Ya saka ta da sunansa na yanka, ya jira. Babu wanda ya ce uffan. Wata rana ma a gabansa wani yaro ya duba sunan, ya ce, "Wannan kuma wane ne?" ya goge ta bai ji ko baiti ɗaya ba.

Masu tura waƙa suna da al'adar aiki. In waƙa ta zo hannu, sai a share duk rubutun da ke jikinta, da hoto da komai, a sa mata gajeren suna wanda direba zai iya karantawa yana tuƙi. Ran nan da haushi ya ci Mai Tura, sai ya yi wa waƙarsa irin wannan wanka da hannunsa, ya rubuta mata sunan Baƙin Gilashi, mawaƙin pop ɗin nan da ba a taɓa ganin idonsa ba, ya jefa ta cikin kashi na farko. Injin situdiyo kuwa ya riga ya goge muryar kowa ta zama iri ɗaya, don haka ba wanda ya yi tantama. Kafin wata ya zagayo, tana tashi a motocin haya da shagunan aski. Wasu masu tura suka kwafa daga memorin kwastomominsa, ta tsallaka garuruwan da bai taɓa zuwa ba.

Da farko daɗi ya ji, daɗin mai satar kallo. Daga baya abin ya koma masa ciwo. Kullum sai an tsaya a gabansa an yabi wani da aikinsa, shi kuma yana gyaɗa kai yana tura musu. Sunansa yake so a kan waƙarsa, ba wani abu ba, kuma yau ce ranar da ya sa rai.

Gidan rediyo zai sanar da waƙar shekara da rana, kuma an ce Baƙin Gilashi da kansa zai zo. Lissafin Mai Tura mai sauƙi ne. Za a tambayi mutumin, zai ce ba tasa ba ce, gari zai ɗauka da tambayar wane ne, shi kuma sai ya fito daga ƙarƙashin matakala ya ce ga ni.

Da rana ta take, matarsa ta sauko daga shagon ɗinkinta da ke saman bene, tef ɗin awo rataye a wuya. Ita kaɗai ta san maganar. Ai dole ta sani, tunda ita ce ta cikin waƙar: a kujerar baya ta bas ya fara ganinta, ya kasa sauka a tasharsa, ya bi motar har ƙarshen layi ba shi da abin komowa.

"Baban yara, ka ci wani abu kuwa?" ta tambaya.

"Ba na jin yunwa."

"Ai na gani. Har rigar fita ka sa." Ta kama kafaɗar rigar ta gyara. "In 'yan jarida suka zo, ka ce musu ni na ɗinka."

"Ke dai ki yi ta tsokana."

"Wallahi ba tsokana ba ce. Ni ma na gaji da jin 'yan aikina suna rera ni suna cewa Baƙin Gilashi ya iya soyayya."

Maƙwabcinsa mai gyaran waya, wanda ake ce wa Injiniya ko da yake wayoyin da ya kashe sun fi waɗanda ya tayar, ya ɗora rediyo a kan gilashin shagonsa ya ƙure murya. Mutanen layi suka juya can. Mai gabatarwa ta yi ta jan rai. Ta saka wata ta hip-hop da samari suka yi wa ihu, ta saka wata ta pop da ɗaliban suka bi da baki, ta ambaci sunan wasu 'yan jita biyu da sauri kamar mai karanta gargaɗin jikin kwalin magani. Sannan ta ce masu sauraro sun zaɓa, kuma ratar ba kaɗan ba ce.

Jitar Mai Tura ta fito daga rediyon Injiniya. Ya san wurin da yatsansa ya zame a baiti na biyu, ya jira shi, ya ji shi. Gaba ɗaya ƙasan ginin ya ɗauki amshi, har mai gadi. Matarsa ta dafa bayan kujerarsa.

"Ranka ya daɗe," in ji mai gabatarwa bayan waƙar ta ƙare, "wannan ba ta cikin kundinka na bana. Ya aka yi ta fito?"

Mai Tura ya miƙe tsaye.

"To," in ji Baƙin Gilashi, da muryar wanda bai daɗe da tashi daga barci ba, "gaskiya ban so ta fita ba. Akwai waƙoƙin da mutum ke yi don kansa. Wani ne ya sace ta daga situdiyo."

"Allah sarki. Wa ka yi wa ita?"

"Mahaifiyata." Ya ja numfashi. "A kujerar baya take zaunar da ni in za mu asibiti ina ƙarami. Ba na iya rera ta a gaban mutane, shi ya sa ba ku taɓa ji na yi ta a dandali ba. Kuka nake yi."

Ɗaya daga cikin ɗaliban ta share ido da gefen mayafi. Injiniya ya girgiza kai ya ce, "Kai, mutumin nan ɗan albarka ne."

"Ikon Allah," in ji matar Mai Tura a hankali. "Yau kuma na zama uwar Baƙin Gilashi."

Mai Tura bai yi dariya ba. Ya taka zuwa gilashin Injiniya, ya sa hannu ya rage muryar rediyon.

"Ƙarya yake yi," ya ce. "Ni na yi waƙar nan."

Injiniya ya cire madubin ido ɗaya da yake duba cikin waya da shi, ya kalle shi sama da ƙasa.

"Kai ka yi ta?"

"Ni na rubuta, ni na rera."

"To ai ni ma ni na ƙera wayar nan," in ji Injiniya, ya ɗaga wadda ke hannunsa. Layi ya fashe da dariya, irin dariyar da babu mugunta a ciki, wadda ta fi ta mugunta ciwo.

"Ku tambayi matata!"

"Haba, Mai Tura. In ka ce kai ka gina benen nan ma ai Madam za ta ce a gabanta aka yi."

Matar ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Wace hujja gare shi? Situdiyon ya zama wurin wankin mota. Rubutun da ke jikin waƙar shi ya share, kuma ya iya aikinsa, bai bar ko ɗigo ba. Ya koma ya zauna. Ita ta tsaya jim, ta matsa masa kafaɗa, ta hau sama domin akwai mai jiran riga.

Ya buɗe Zaɓin Shekara, ya nemo waƙar, ya goge sunan Baƙin Gilashi. Ya rubuta nasa cikakke, har da na mahaifinsa. Aƙalla a wannan tebur, daga yau, waƙar za ta fita da sunan mai ita. Ya ji wani sanyi a ransa da ya ga haruffan a jere.

Ta farko da ta zo bayan haka wata nas ce daga asibitin tsallaken titi, tsohuwar kwastoma, wadda kowa a ginin ke kira Sista. Sabuwar waya ta saya, tana so a mayar mata da waƙoƙinta.

"Kujerar Baya ce ta farko, ƙanina," ta ce. "Ita ta riƙe ni bana. Ranar da muka rasa wata jaririya a hannuna, ita na yi ta ji har na isa gida."

Ya tura mata, ta tafi.

Sauran yinin ya wuce a cikin hayaniya. Ya tura wa masu aski, ya tura wa wani dattijo da ya ce na jikokinsa ne, ya raba samari biyu da suka kusa dambe kan waƙar hip-hop da ta zo ta biyu. Kowa ya tafi da sabon sunan a aljihu bai duba ba.

Ana shirin rufe shaguna sai ga Sista ta dawo, jaka a kafaɗa, fuska a ɗaure. Ta ajiye wayar a kan teburinsa da ɗan ƙarfi.

"Ƙanina, ban san ka da haka ba."

"Me ya faru, Sista?"

"Ta bogi ka saka min. Na duba na ga wani suna daban. Wani ne kawai ya zauna ya kwaikwayi bawan Allah."

"Ita ce dai, Sista. Waƙar ɗaya ce."

"Ni za ka faɗa wa? Waƙar da na shekara ina ji?" Ta dafa ƙirji. "Wannan muryarsa kamar mai mura. Ga jitar ma yana kuskure a baiti na biyu. Kuma babu zuciya a ciki, ka ji ana rerawa ne kawai. Shi mai ita, in ya ce kujerar baya, sai ka ga uwar tasa a zaune."

Mai Tura ya dube ta. Ba ta da niyyar cin mutuncin kowa, gajiya ce a idonta, da ɓacin ran wadda aka taɓa wa abin da take ji da shi. A saman matakala ya ji tsayawar takalmin da ya sani, matarsa ta rufe shago tana saukowa.

Ya ɗauki wayar ya haɗa da kwamfuta, ya karkatar da fuskar kwamfutar gefe. Bai cire komai ba, bai saka komai ba. Sunan kawai ya goge, nasa da na mahaifinsa, ya mayar da wancan. Ya yi haka a wayarta, ya yi a babbar foldar. Sannan ya miƙa mata abin sawa a kunne.

Sista ta saka, ta lumshe ido. Jitar ta fara. A baiti na biyu yatsan ya zame inda ya saba zamewa, ita kuwa ta gyaɗa kai a hankali, idonta ya ciko.

"Yauwa," ta ce. Ta cire ɗaya ta miƙa masa. "Saurara da kanka. Ka ji bambanci?"

Ya saka a kunne ya saurari muryarsa.

"Na ji," ya ce.

Ta naɗe igiyar abin kunnen a jikin wayar ta jefa a jaka, fuskarta ta sake. Har ta juya sai ta waiwayo.

"Shi kuma wancan mai kwaikwayon, in ka san shi, don Allah ka ba shi shawara ya nemi sana'a."

"Yana da ita, Sista," in ji Mai Tura, ya miƙa hannu ya karɓi memorin mutumin da ke bayanta.