Ranar da Mahmud ya yanka ƙyalle a Maputo

…har da jan ƙyalle da almakashi. Ina cikin wankin shinkafa bidiyon ya faɗo zauren wasaf na gida, ko hannu ban goge ba. Ga ka nan, Mahmud, ƙanen da na goya, cikin kwat, can ƙasar Mozambik, bayanka ƙaton allo an rubuta lançamento. Ka kuma bi mu da murya kana fassara: da Turanci launch, da Fotugis lansamentu, wato ranar da manhaja ta fita kasuwa. To madalla. Ta fita.

Wadda ka saka wa mijina a waya fa, mi sunanta? Beta. Ban manta ba. Kan tabarmar nan kake, kana cin tuwona — "Yaya Kulsumu, ta gwaji ce. Direbobi su riƙa danna inda sunka ga 'yan bindiga. Ja, a tsaya. Kore, a wuce." Mijina Ɗanasabe sai washe baki yake, wai shi ne beta tester, direban gwaji na farko a tashar Kaura. Ya gaya wa fasinja, ya gaya wa mai shayi… kamar sarauta anka naɗa shi.

Kore ta nuna mai. Hanyar Zurmi, dab da Dauran. Kore.

Motar anka maido. Ƙofofi a hangame, buhunan gero ko taɓawa ba a yi ba. Shi kam… ba kira, ba gawa. Takaba zan shiga ko jira zan yi? Liman ya ce jira. Ina jira. Damina ta zo ta wuce, wata ta kama.

"Bug ne, Yaya." Haka ka ce, kanka a ƙasa. Na ce mi ke nan? Ka ce ƙwaro. Ƙwaro! Ƙaton mutum da rawani da 'ya'ya, ƙwaro ya ɗauke shi?

Wuta ta mutu a murhu. Bari ta mutu.

Yanzu kun gyara, ka ce. Versão final, kammalalliya. Direbobin can ba za su gamu da wanga kuskure ba, don an riga an gwada a fili. Filin wa? Na maimaita kallon jawabinka, na sake maimaitawa — ka gode wa early users na Najeriya. Masu amfani na farko. Shi ke nan. Ka san sunan kowane mataki, alfa, beta, soft launch, pré-lançamento, har cikin harshe biyu… sunan mutum guda ne ya gagari bakinka?

Ko kuwa ka ji tsoron in ka faɗa muryarka ta karye gaban baƙi? Ban sani ba. Wallahi na so in tsane ka in huta.

Ga Inna tana kira daga ɗaki, murya cike da murna: "Kulsumu, kowa ya yi wa Mahmud Allah sanya alheri a wasaf, ke kaɗai kin rage!"

Na danna. Wayar tana ɗaukar murya… tana ta ɗauka… numfashina kaɗai ke shiga.