Gajerun Sanduna Biyu

Ni ɗin nan da kuke gani, babbar mota ta sha kifewa da ni ban mutu ba. Gada ta taɓa karyewa da ni, na fito da hulata a kai. Shi ya sa direbobi suka manta sunana, sai Ƙi-Mutu. Ban taɓa zama a aji ba, amma inji ya yi tari a bayan katanga, zan faɗa maka ciwonsa. Duk da haka, abin da autata ta yi a garejinta ya sa na riƙe baki.

Auta mai walda ce. Hoton wata motar tsere irin ta da ta gani, mai kujera biyu, ba rufi, hanci dogo kamar na kada, ta ce sai ta ƙera irinta tun daga ƙashi. Ta kuwa ƙera. Jikin motar kuma aminina Mai Guduma ne ya buga shi da hannu, faranti bayan faranti. Madigadin baya, wato marufan tayoyi, su ne na ƙarshe. Kafin ya gama su hannunsa ya fara rawa, yana gamawa kuma ya rataye guduma, bai sake ɗaukarta ba. Ka shafa lanƙwasar nan, sai ka rantse ruwa ne ya daskare.

Saura difaransha, wato tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya. Ƙarfin inji yana shiga cikinta, ta raba shi ga tayoyin ta sanduna biyu da ke kwance cikin bututu, ɗaya dama ɗaya hagu. Muka tafi wurin mai tsofaffin ƙarfuna, ya jawo mana biyu. Ta wata ƙaramar mota, faɗinta daidai da jikin tamu. Ta a-kori-kura kuma, ƙatuwa, ta fi faɗi da kusan taƙi guda.

"Ƙaramar nan inji zai tauna ta kamar rake," na ce. "Babbar za mu ɗauka."

"Baba, tayoyin za su leƙo waje. Sai an yanka madigadin Baffa Mai Guduma."

"To a yanka! Gwangwani ya fi ranki?"

Ta durƙusa tana kallon babbar, ta miƙa igiya daga tukunyar zuwa dama, ta sake miƙawa zuwa hagu. Ta ce a ɗora mana ita a amalanke. Na ce a raina, yarinya ta ji magana.

Labari ya riga mu isa gareji. Muka tarar da Mai Guduma zaune a kan tsohuwar taya, ya cusa hannuwansa a hammata don kada a ga rawarsu.

"Ƙi-Mutu, an ce kai za ka yanka min aiki."

"Ni ne. Kai ka taɓa tashi sama da buhuna a kanka?"

"Ai da ka tuƙa a hankali."

"Rufe min baki, tsohon maƙerin gwangwani."

Ya yi dariya, amma idonsa na kan madigadin. "Auta, ki yanka," ya ce. "Ubanki ya fi ni gaskiya. Sai dai ki bari in fita tukuna."

"Zauna, Baffa. Ba abin da zai taɓa aikinka. Difaranshar zan rage wa faɗi."

Nan na miƙe tsaye. Na ja rigata na nuna mata tabon da ya ratsa haƙarƙarina, wanda ta sani tun tana goye. Sandar da aka yanke aka haɗa da walda ce ta yi min shi. Ta karye a gangare, taya ta wuce ni tana gudu ina kallonta, na farka a ƙarƙashin kaya. Na ce muddin ina numfashi, 'yata ba za ta hau sanda mai walda ba.

"Na sani, Baba. Zo ka gani."

Ta kwance notuna, ta zaro sandunan biyu ta shimfiɗa a ƙasa. Ashe ba tsawonsu ɗaya ba. A irin wannan a-kori-kura tukunyar ba a tsakiya take zaune ba, ta karkata gefe, don haka sanda ɗaya doguwa ce, ɗaya gajera. Abin da igiyarta ta gano ke nan. Ta ture doguwar da ƙafa.

"Wannan ba na so. Zan koma in samo gajera ta biyu daga wata motar irinta. Bututun kawai zan rage. Sandunan kuwa, yadda aka ƙera su haka za su shiga."

Rabin rayuwata na yi a kan wannan ƙarfe, na kwana a ƙarƙashinsa cikin ruwan sama, ban taɓa tunanin a aurar da gajera da gajera ba.

Ta kuwa samo gajera ta biyun. Ranar yankan ban matsa ko nan da can ba. Ta datse bututun, ta zura wani miƙaƙƙen ƙarfe ta ciki daga baki zuwa baki don kada ya karkace. Sai ta ɗiga walda nan, ta zagaya ta ɗiga a kishiyar wurin, ta jira ya huce, ta sake, domin zafi yana jan ƙarfe gefe guda in aka yi masa gaggawa. Na so in yi gyara, na nemi abin gyarawa na rasa. Da ta gama, ta juya miƙaƙƙen ƙarfen nan da yatsu biyu, ya juya sumul kamar a cikin mai.

Aka ɗaura, aka sa tayoyi, aka sauke jak a hankali. Jikin motar ya sauko, tayoyin suka shige ƙarƙashin madigadi kamar ƙafa a takalminta. Mai Guduma ya taso, ya zura hannunsa mai rawa tsakanin taya da lanƙwasar da ya buga. Yatsunsa suka shiga, suka fito. Ya zagaya ɗaya gefen ya sake. Sai ga gemunsa ya jiƙe da hawaye.

"Kujera biyu ce," Auta ta ce. "Wa zai fara?"

Ni da ba a taɓa riga ni hawa mota ba, na buɗe wa Mai Guduma ƙofa da hannuna. Na tsaya a bakin titi ina kasa kunne. Suka sha kwana, tayar waje ta ɗara ta ciki gudu yadda ya kamata, ba ƙara, ba kuka. Mai gyaran taya na maƙwabta ya leƙo yana tambayar wa ya koya mata.

Na ce, "Kai ma ka faɗa. 'Yar wa ce?"