Takalman da Ba Mu Ɗinka Ba

Ni baduku ne, takalmi nake yi. Da gwamnati ta ce za ta ɗauke wa duk kamfanin da ya zo yankinmu haraji na wasu shekaru, don mu ma mu kamo mutanen babban birni, sai wani kamfanin takalma ya zo ya gina rumfa bayan tasha. Aka ce masu hannu suke nema.

Uwar yarana ta ce in kulle shago kawai, in ga kamun ludayinsu tukuna. Na ce mata ba a haɗa gudu da susar katara. Na sayar wa Dogo, maƙwabcina a layin dukawa, keken ɗinkina. A sana'armu in za ka tashi, da ƙafarka kake kai masu cinikinka wurin wani ka ce ga amana. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya na damƙa masa.

Ranar farko na tafi da wuƙata da basilla a aljihu. Ko ƙyallen fata babu a rumfar. Tirela ke kawo takalma ɗinkakku daga birni, mu cusa musu takarda, mu manna tambarin yankinmu, mu jera a kwali, tirelar ta koma da su. Na tambayi shugaban aiki yaushe injuna za su iso, ya ce suna hanya. Abokan aikina suka laƙaba mini Suna Hanya, saboda yawan tambaya. Daga baya na daina.

Shekarun rangwamen harajin na cika, tirela ta daina zuwa. Aka sa wa rumfar kwaɗo.

Na sami Dogo a shago, mutane sun cika benci. Na ce ya mayar mini da keke da ko rabin mutanena.

"Yaya, amana ka ba ni, ba aro ba," in ji shi. "Amma zauna, ga aiki."

Ya miƙo mini fata in yanka fuskar takalmi. Na ɗora wuƙa, hannun da ya shekara da shekaru yana manna tambari ya ƙi bin layi, ta zarce ta ci tsakiyar fatar. Na sake, na sake ɓatawa. Na kan benci suka sunkuyar da kai.

Dogo ya zare wuƙar daga hannuna, ya turo mini buroshi da gwangwanin man goge takalmi. Na karɓa, don a gida ana jiran cefane.