'Yan Ƙarafan Bakin Bargon Zuwaira

A cikin kwalin falaket, wato takalman birkin mota, akwai wasu 'yan ƙarafa huɗu da ke zuwa a leda, sirara, lanƙwasassu kamar ƙafar fara. Rasor ake ce musu. A Injamena ba wanda ke sa su. Kanikawa na cewa Nasara ya zuba su ne don kwalin ya yi nauyi. Sai a watsar a ƙasa, kaji su zo su caccaka, su ga ba hatsi ba ne, su wuce. Ai a garin nan, motar da ba ta ƙara sai a zaci ta mutu.

Haka Siradji ma ya yi ranar da ya sauya falaket ɗin tsohuwar tasinsa a ƙofar gida, a unguwar Milezi. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa za su Makka da ƙafa, suka tsaya bakin kogin Shari su ɗan huta, hutun da har yau ba a gama ba. Shi kuwa tafiyar da ta gagare shi ba ta kai ta Makka ba. Kusiri kawai, tsallaken gada.

Matarsa Zuwaira da can tana sayar da kwanukan gwanjo a kasuwar Dembe. Ranar da 'yan tawaye suka shigo gari da sassafe, ta wuni kwance a ƙarƙashin tebur, harsashi na ratsa kwanukanta, maƙwabciyar rumfarta kuma na kwance kusa da ita ba rai. Tun daga ranar ta shiga ɗaki, ta rufe taga da ƙofa da barguna. Cokali ya faɗi, sai ta kife a ƙasa.

Da damina ta wuce, ya lallashe ta da ƙyar ta yarda ya kai ta wurin yayarta Lauratu, mai aikin jinya a Kusiri. Ba su yi nisa ba motar ta faɗa hanya mai gargada, gabanta ya ɗauki ƙara, kat-kat-kat-kat. Kafin ya waiwaya, Zuwaira ta buɗe ƙofa ta faɗa waje, mota na tafiya.

Yanzu ƙaurinta ya kumbura ya yi baƙi, ɗakin na wari, jikinta kamar garwashi. Ta ce ba hannun da zai taɓa ƙafar sai na Lauratu. Lauratu kuwa ta zo ta duba, ta ja Siradji gefe ta ce wannan ya fi ƙarfin allurar gida, in ba a kai ta asibitinsu na Kusiri yau ba, gobe maganar yanke ƙafa za a yi, in ma an yi sa'a.

Siradji ya zaga unguwa da motar shi kaɗai, kunne a waje. Ya lura da wani abu: da ya ɗora ƙafa a birki sai ƙarar ta ɗauke, da ya saki sai ta dawo. Falaket ne ke rawa a gidansu, don ba rasor da zai riƙe su. Ya ce to, zai yi ta taka birkin kaɗan-kaɗan har Kusiri. Bai kai ƙarshen layi ba taya ta fara hayaƙi.

Ya nufi Dembe wurin abokinsa Yunusu mai kayan gyaran mota.

"Yunusu, rasor nake nema, na birkin gaba."

"Rasor? Yau kuma Faransa za mu? Ga falaket, ga faifan birki, ga gidan birki sukutum. Rasor kam mafi, babu shi sam. Miya zan yi da su da zan tara?"

"Don Allah duba ƙasan buhunan nan."

"Kai, duk kasuwar nan ka tone ta, sai dai ka samu a cikin kaji." Sai ya ga idon Siradji, dariyar ta tsaya. "Jikin Zuwaira ne? To ka cire mariƙin ƙofar motar mana, a samu mata biyu su danne ta, kalas, shi ke nan."

"Na taɓa riƙe ta sau ɗaya. Numfashinta ya tsaya a hannuna. Gawa zan kai wa Lauratu?"

Ya bi rumfa rumfa, yana tona ƙasa da yatsa a gindin teburan kanikawa, ana yi masa kallon wanda ya taɓu. Noti ya samu, da marfin kwalba, da wani haƙori da bai san na wace dabba ba ne. Rana ta karkata. Da faɗuwarta ake rufe gadar Ngeli, wadda ake bi a shiga Kusiri.

Ya dawo gida ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ya jingina kai da bango. Daga ciki yana jin nishinta. Ya ɗaga ido don kada hawaye ya zubo, sai ya ga wani abu na ƙyalli a gefen bargon da ke rufe da ƙofar. An haɗe bakin bargo biyu, an maƙale su da 'yan ƙarafa masu kama da ƙafar fara, daga sama zuwa ƙasa, don kada haske ya sami kafa. Ashe ta tsince su a tsakar gida. Kullum yana ɗaga bargon nan ta gefe ya miƙa mata kunu, bai taɓa dubawa ba.

Ya kai hannu. Muryarta ta fito daga ciki.

"Malam, kada ka taɓa."

"Zuwaira, abin da ke ƙara a mota ba bindiga ba ce. Ƙarfe ne ke bugun ƙarfe. Waɗannan da kika maƙala a nan su ne ke riƙe shi. Ni na yar da su."

"In ka cire, ƙofar za ta buɗe."

"Za ta buɗe."

"Su gan ni."

"Ni kaɗai ne a nan, sai akuyar maƙwabta. Ki ba ni su, Zuwaira. Ban iya zama a gidan nan ba ke."

Sai ya ji tana jan jiki a tabarma. Yatsu suka leƙo, ramammu. Ta zare na ƙasa ta miƙo. Ta zare na biyu. Na saman ba ta kai su, sai da ta dafa bango ta miƙe a ƙafa ɗaya, tana kiran sunan Allah. Bargon ya rabu biyu, rana ta faɗa mata a fuska, ta runtse ido.

"Zan gani," ta ce. "A gabana za ka sa."

Ya ɗauke ta ya zaunar a kan turmi a ƙofar gida. Ya sa jak, ya kwance taya, ya zare falaket. Ya kankare tsatsa da busasshen taɓo daga mazauninsu da bakin sukundireba. Bargo ya buɗa bakin rasor ɗin, sai da ya matse su da filaya a hankali, don in ɗaya ya karye babu wani a duk garin. Na farko ya sa shi a juye, ya ƙi zama. Ya juya shi, ya danna da babban yatsa. Ya shiga, ƙyas. Zuwaira ta zabura, amma ba ta kife ba. Ya lakata man giris kaɗan inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, ya mayar da falaket. Ya zaga ɗaya gefen ya yi haka.

Kafin ya mayar da taya, Zuwaira ta ce ya matso da ita kusa da motar. Ta sa hannu ta girgiza falaket ɗin da duk ƙarfin da ya rage mata. Falaket ɗin bai motsa ba.

"Sahi, gaskiya ne," ta ce a hankali. "Ya yi shiru."

Ya ɗaure tayoyi, ya tattaka birki har ya yi tauri, ya zaunar da ita a baya, ƙafar a miƙe. Hannunta na kan mariƙin ƙofa. Bai hana ta ba.

Suka shiga gargadar nan. Motar ta yi tsalle, ta nisa, ta yi kukan tsufanta na kullum, amma kat-kat ɗin babu. Yana kallon hannun ta madubi fiye da yadda yake kallon hanya.

A Ngeli rana ta yi ja. 'Yan kasuwa na tsallakowa da buhunan sukari a ka, babura na kutsawa tsakaninsu. Suna tsakiyar gada wani babur ya yi tari, tau! Mariƙin ya motsa. Ƙofar ta ɗan saki. Ruwan kogin Logon na ƙasa.

"Malam," ta ce, haƙoranta na haɗuwa, "wannan ba tamu ba ce ko?"

"Ba tamu ba ce. Tamu kin girgiza ta da hannunki."

Ta ja ƙofar ta rufe. Ba ta saki mariƙin ba har suka sauka gada.